Wuyan Summit ɗina ne gajere, ko ni ne ban iya tsayuwa ba?

Ɗan Zariya, Calgary:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Na sayi mashin ɗin ƙanƙara na hannu, Ski-Doo Summit 850 ƙirar 2018, mai bel, wato robar ƙasa da ke tura shi, inci 154. Wuyan da ke ɗauke da kan mashin ɗin, wato ƙarfen tuƙi da ake riƙewa, na kamfani ne, milimita 165, ba a taɓa shi ba. Tsawona santimita 185. Mun je Quartz Creek kusa da Golden a yammacin Kanada, tun a hanyar shiga, kafin ma a kai inda ake wasan, bayana ya riƙe saboda sunkuyo. In na miƙe tsaye sai hannuna ya kasa kai wa robar riƙo yadda nake so. Ina shirin ƙara inci uku a wuyan. Kafin in tura kuɗi, akwai wanda ya taɓa yi?

Dogo, Edmonton:
Wa alaikumus salam. Ƙara abinka ɗan'uwa. Ni 193 ne, kuma na san ciwon nan da kake faɗa. Kamfani ba da irinmu ya auna mashin ba. Bayan haka ma, in kan ya yi tsawo ka fi samun ƙarfin janyo mashin ɗin ya kwanta gefe, don doguwar sanda ta fi gajera ɗaga kaya. Wannan lissafi ne da ko ɗan firamare ya sani.

Baba Makanike, Kamloops:
Ɗan Zariya, dakata tukuna, kada ka tura kuɗin. Ka amsa min abu biyu. A ina bayan ya fi ciwo, a kan hanyar da aka share ko a cikin ƙanƙara mai zurfi? Sannan in kana tsaye, gwiwoyinka a miƙe suke ƙam ko a ɗan lanƙwashe?

Ɗan Zariya, Calgary:
Baba, a kan hanya ne, inda ta yi kunya-kunya. Da muka shiga sabuwar ƙanƙara ban ma tuna da bayan ba, faɗuwa kawai nake ta yi. Gwiwa kuwa gaskiya a miƙe take.

Baba Makanike, Kamloops:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Kana so ka gyara mashin don hanyar da za ta kai ka dutse, alhali don dutsen ka saye shi.

Bari in yi maka dalla-dalla, don maganar Dogo akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar ta tsufa. A da mashinan nan masu faɗi ne, masu nauyi, kuma an ƙera su ne mutum ya zauna can baya. Mai son tsayuwa dole ya ɗora dogon wuya, kuma kwantar da mashin ɗin gefe aikin ƙarfin damtse ne. Daga 2003, da Ski-Doo ta fito da ƙirar REV ta matso da mahayi gaba, sai abin ya fara sauyawa. Mashinan dutse na yanzu an matse tsakanin takalmansu na gaba, faifayen nan biyu da ke sulɓi a kan ƙanƙara, an rage musu nauyi. Ba janyo su ake yi ba. Juya kan kake yi zuwa ɓangaren gangare, ka ɗan taɓa totur, ka sa nauyinka a kan matakin da ke ɓangaren tudu, shi da kansa zai kwanto maka.

Yanzu ka ɗauka kana ratsa kwiɓin dutse, tudun yana hagunka. Ƙafarka ta dama ce a kan matakin hagu, ta hagun tana waje tana dogara ƙanƙara, irin tsayuwar da Bret Rasmussen ya shahara da koyarwa. Mashin ya kwanto ɓangarenka. Ina kan yake? Ya taho maka. Duk incin da ka ƙara a wuya, inci ne da ya ƙara shigo maka ƙirji. Gwiwar hannunka ta naɗe, kafaɗunka sun ɗage, ba ka da wurin tsayuwa sai ka ja baya. Da ka ja baya sai gindin mashin ya nutse, goshinsa ya kalli sama, ya fara hawa tudun da ba ka aike shi ba. In kuma ya kuɓuce ya koma ɓangaren gangare, dogon wuyan nan shi zai kai robar riƙon nesa da kai, ka bi ta da hannu a miƙe, ta fizge ka.

Ka taɓa tura baro cike da yashi? Hannayensa a daidai ƙugu suke, hannunka a sauke, kana sama da shi, shi ya sa kake karkata shi yadda ka ga dama. Ka ɗauko hannayen nan ka kai su daidai ƙirji, ka gani ko za ka iya juye shi inda kake so.

A wajen hawa ma haka ne. Da goshin mashin ya ɗaga, kan da ke daidai ƙugunka a fili ya dawo daidai cibiya. Wanda ke daidai cibiya kuwa ya dawo haƙarƙari.

Dogo, Edmonton:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba ka faɗi saukowa ba. Ka sa mutum irina a kan gajeren wuya, ka ce ya gangaro tudu mai tsayi yana taka birki. Kansa ne zai riga mashin isa ƙasa. Kuma ba kowa ne ke kutsawa cikin bishiyoyi ba. Mu a Renshaw ta wajen McBride, yawancin yinin a buɗaɗɗen fili muke yinsa.

Baba Makanike, Kamloops:
Ban musa ba. A saukowa gajeren wuya yana janyo ka gaba, sai ka koyi mayar da ƙugu baya da lanƙwasa gwiwa. Kuma mai tsawon santimita 193 ba zai hau abin da mai tsawon santimita 165 ke hawa ba. Abin da nake cewa shi ne, tsakaninka da shi bambancin wuyan bai kai yadda kuke zato ba, domin dogon mutum hannunsa ma dogo ne. Tsawonka ya ɗaga kafaɗarka sama, tsawon hannunka ya dawo da tafinka ƙasa. Inci ɗaya ko biyu, to. Inci uku a kan 165 ga mai 185, a'a.

Ka dubi inda su kansu kamfanonin suka dosa. Summit ɗin da Ski-Doo ta fitar a 2020 da sunan Expert, wanda aka yi don ƙwararru, da wuyan milimita 120 ya zo, ba 165 ba, kuma aka gajarta madaurin riƙo da ke tsakiyar kan. Ƙasa suka yi.

Na-Damagaram, Saguenay:
Ina gaisuwa. Mu a nan Kebek, inda aka haifi Ski-Doo ɗin ma a Valcourt a 1959, hanyoyin da ake sharewa sun kai kilomita dubu 33, kuma mafi yawan mutane a zaune suke tuƙi. Don haka in ka tambayi maƙwabcina zai ce wuyanku duka ya yi tsawo. Amma masu shiga duwatsun Monts-Valin da Chic-Chocs, waɗanda ke barin hanya, maganarsu ɗaya da ta Baba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne lambobin. Ski-Doo na cewa 120 ko 165, abokina mai Polaris RMK yana cewa nasa inci shida ne. Wanne ya fi wani tsawo ke nan?

Baba Makanike, Kamloops:
Kada ka gwada lambar wannan kamfani da ta wancan. A Summit, ƙarfen kan kusan miƙaƙƙe ne, tsawon yana cikin wuyan da aka ɗora shi a kai. A RMK kuwa tsawon yana jikin ƙarfen kan ne, an lanƙwaso shi sama, shi ne ProTaper ɗin da Polaris ke ba mai oda zaɓin inci biyar, shida ko bakwai. Kuma inda sandar sitiyarin ta ƙare a jikin mashin ba ɗaya ba ne. Awon da ke da amfani guda ne: ka ɗauki tef, daga kan matakin da ƙafarka ke tsayawa zuwa tsakiyar robar riƙo. Wannan za ka iya kai shi kan kowane mashin.

Akwai kuma wani bambancin. Sandar sitiyarin RMK kusan a tsaye take, kan yana juyawa a kwance. Ta Summit a kishingiɗe take, saboda haka in ka juya kan har ƙarshe, hannu ɗaya yana yin ƙasa, ɗaya yana yin sama. A kan irin wannan sandar ƙarin tsawo ya fi fitowa fili.

Yaya ta Kiruna:
Salamu alaikum. Na ga dogaye sun cika zauren, bari gajeru mu ma mu ce wani abu. Ni 160 ce, Lynx nake hawa, mashin ɗin da ake ƙerawa a Rovaniemi ta Finland, a duwatsun da ke wajen Riksgränsen a arewacin Suwidin. Ni duk wani mashin da aka fito da shi daga shago kansa ya yi min tsawo, don haka abin da Baba yake kwatantawa ni a jikina na san shi. Mashin yana kwantawa, hannuna na ɓangaren gangare yana can sama da kafaɗata, babban yatsana da kyar yake kai wa totur. Mutum ba ya iya auna mai da yatsan da ke miƙe har ƙarshe. Ko dai ya danna da yawa ko ya saki gaba ɗaya, kuma duka biyun faɗuwa ce.

Ƙanena Ɗan Zariya, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka sa takalmanka na hawa, ba silifas ba, domin tafinsu kaɗai yana ƙara maka tsawo. Ka hau matakan, ƙafafu a gaba inda kake tsayawa in ana wasa, ka sassauta gwiwa, ka ɗan tura ƙugu baya, bayanka a miƙe ba a gantsare ko a doro ba. Ka rufe ido, ka saki hannuwanka su faɗa gaba. Inda suka sauka, nan ne wurin kan. Yawancin mutane yana faɗo musu wajen ƙashin ƙugu ne, ƙasa da bel ɗin wando kaɗan.

Bayan nan ka shimfiɗa tsohon kafet a gareji, ka sami mutum ɗaya ya taya ka ku karkata mashin ɗin a kan takalmi guda, ya riƙe maka. Ka hau matakin ƙasan da ƙafa ɗaya, ka juya kan har ƙarshe. Ka duba ko ɗan alinka yana kan birki, babban yatsanka yana kan totur, duka a lokaci guda, ba tare da ka miƙe ko ka takure ba. Ka yi ta ɗaya gefen ma, domin ba ɗaya suke ba. Totur a dama yake, birki a hagu, kowane gefe da hannun da ke yi masa nisa.

Kuma ka tuna ƙanƙara tana taruwa a kan matakan ta daskare. In ta taru kai ne ka ƙara tsawo, kan ya koma ƙasa. Wani ciwon bayan da ake ɗora wa wuya, harbin ƙanƙarar nan da dunduniya ne maganinsa.

Ɗan Kurmi, Kano:
Ni fa ina nan ina karatu cikin zufa, wuta ma babu. Wato ku sayi abu da tsadarsa, ku je inda sanyi ke kashe mutum, ku kwantar da shi a gefen dutse da gangan? Allah ya shirya mana ku.

Dogo, Edmonton:
Amin. Ka zo hutu mu ɗora ka a baya.

Yaya ta Kiruna:
Babu baya a mashin ɗin dutse, kujerar mutum ɗaya ce, ita ma ba a cika zama a kanta ba. Kada ka yaudari bawan Allah.

Ɗan Zariya, Calgary:
Yaya na gode, na yi gwajin farko yanzu. Hannuna ya sauka kusan daidai robar, sai dai ya wuce ta gaba kaɗan. Sai na lura wanda ya sayar min ya kwantar da wuyan baya, ɓangaren kujera. Ba a layi ɗaya yake da sandar da ke ƙarƙashinsa ba. Wannan yana da tasiri?

Baba Makanike, Kamloops:
Yana da shi ƙwarai, kuma wataƙila rabin ciwon bayanka ke nan. Masu son tuƙi a zaune ne ke kwantar da shi haka. Wuyan da aka kwantar baya ya rage tsawo, sannan ya tura ka tsayawa a tsakiyar matakai maimakon gaba. Ka daidaita shi ya bi layin sandar sitiyari, kamar sandar ce ta ci gaba. Kada kuma ka wuce da shi gaba don neman tsawo. In ya kauce wa layin, ta gaba ko ta baya, kan ba ya juyawa a wuri ɗaya, shawagi yake yi, hannunka yana zagaye maimakon juyi.

Yadda nake yi a shago: kafin in kwance komai sai in ja layi da maka a kan wuyan da maƙalarsa, don in san inda aka taso. In sassauta notunan ƙasa guda huɗu, ba cirewa ba, in ɗaga wuyan, in tsuguna a gefe in kalle shi da ido ɗaya har ya yi layi. Sannan in sassauta na sama in murza ƙarfen kan ya dawo daidai, don in ka ɗaga wuya ba ka murza shi ba, ƙarshensa zai kalli sama. Ɗaurewa kuma a gicciye, kaɗan-kaɗan, gibin gaba da na baya su zo ɗaya, da sifana mai awo, a kan adadin da littafin mashin ya faɗa. Alminiyom ne, ba ya son ƙarfin tuwo. An sha kawo min wanda aka ɗaure noti ɗaya har ƙarshe kafin sauran, maƙalar ta tsage siririyar tsaga kamar gashi, mai shi bai ma gani ba.

Na-Damagaram, Saguenay:
Tunda an zo kan ƙarfen, Baba, me za ka ce game da siffarsa? Na ga wasu miƙaƙƙu sak, wasu sun lanƙwaso baya.

Baba Makanike, Kamloops:
Lanƙwasa biyu ce: wadda ta dawo baya wajen mahayi, da wadda ta ɗaga sama. Wadda ta dawo baya sosai ta mai zama ce, tana sa gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari. Mai tsayuwa yana son ƙarfe kusan miƙaƙƙe, lanƙwasar kaɗan, don gwiwar hannu ta buɗe waje, kafaɗa ta hau saman kan. Amma miƙaƙƙe sak shi ma yana karya tsintsiyar hannu. Ka riƙe alkalami biyu, ɗaya a kowane hannu, ka miƙa gaba a sake, za ka ga ba su yi layi ɗaya ba, sun ɗan karkato. Gwargwadon wannan karkatar ake nema.

Mai saye kuma ya kula da kauri. Wurin riƙo inci bakwai bisa takwas ne, wato milimita 22. Amma tsakiyar, inda maƙala ke kamawa, akwai mai wannan kaurin, akwai mai inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, kusan milimita 28 da rabi. In ka sayo kan da wuyan da ba su dace ba, sai ka sake biyan kuɗin aike.

Dogo, Edmonton:
A faɗi dai ba za ku ja da ni ba. Mai faɗi ya fi ba da ƙarfi. Nawa inci 31 ne kuma ban ga abin da zai sa in yanke ba.

Yaya ta Kiruna:
Kai da kafaɗunka ba. Ni da aka kawo nawa sai da na rage. Faɗi yana ba da ƙarfi, gaskiya ne, amma in ka juya kan har ƙarshe, hannun da ya yi nisa yana ƙara nisa da kowane santimita. Ga bishiya kuma. Dazuzzukanmu na ƙasan dutse sirara ne masu yawa, tsakanin biyu wani lokacin da kyar mashin ke wucewa, kuma ƙarshen kan ne ke fara gaisawa da su.

Wanda zai yanke ya bi a hankali, santimita ɗaya kowane gefe, ya hau ya ji, don abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Kafin ma ya yanke, ya matso da birki da totur ciki, ya riƙe a nan ya yini, ya ga ko haka yake so. Ya kuma duba abu biyu. Na farko lanƙwasar ƙarshen nan mai kama da ƙugiya, wadda ke tare hannu in ana ratsa kwiɓi: in a jikin ƙarfen take, yanka zai tafi da ita, sai dai a sayo ta sakawa. Na biyu, takardar ɗumama hannu da ke ƙarƙashin roba. In ka yage ta, a arewacin Suwidin cikin Janairu, ka gama hawa.

Baba Makanike, Kamloops:
Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya a kan ɗumin: alminiyom yana shanye zafi. In za ka liƙa sabuwar takardar ɗumi a kansa, ka fara naɗa siririn abin da zai raba su, in ba haka ba ƙarfen za ka yi ta ɗumamawa, tafinka yana daskarewa. Na kabon bai da wannan matsalar kuma ba shi da nauyi, sai dai shi ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi. Alminiyom in ya daki bishiya zai karkace ka lallaɓa ka koma mota. Kabon in ya ji ciwo yana iya ɓoyewa, ranar da zai tafi ya tafi gaba ɗaya. Mai koyo da ke kifar da mashin kullum, alminiyom ya fi masa.

Ɗan Zariya, Calgary:
To madaurin nan na tsakiya fa? Ni shi nake kamawa in zan janyo mashin gefe.

Yaya ta Kiruna:
Da wane hannun?

Ɗan Zariya, Calgary:
Wanda ya fi kusa. Yawanci hagu.

Yaya ta Kiruna:
Wato hannun birki. Ka ga matsalar ke nan. Duk lokacin da ka kama madaurin, ka bar ko birki ko totur, a daidai lokacin da ka fi bukatarsu. Amfaninsa in mashin ya kafe ne, kana ƙasa kana jijjiga shi ko kana mirgina shi. A cikin tafiya hannu biyu a kan roba, ɗan ali ɗaya a kan birki ko da yaushe. Ni na sa gajere ma, saboda dogon ya taɓa dukan gilashin hular kwanona da goshin mashin ya faɗa rami.

Kuma ka duba yadda hannun birkin yake kallo. In an saita shi don mai zama, a miƙe yake gaba, kai kuma kana tsaye, sai tsintsiyar hannunka ta karye baya kafin ka kai gare shi. Ka sunkuyar da shi har yatsa, tsintsiya da damtse su yi layi. Kada ka ɗaure shi tamau, ka bar shi yadda in an daka zai murɗa maimakon ya karye.

Mai Kula da Zaure:
Muhawara ta yi daɗi. Bari in sako abin da ba na bari ya wuce in an ambaci Quartz Creek da Renshaw. Duk wanda ke gyara mashin don ratsa kwiɓin dutse, yana shirin shiga inda ƙanƙara ke zaftarewa ne, domin gangaren da ke tsakanin digiri 30 da 45 shi ne mai daɗin wasa kuma shi ne mai rufta mutane. A Boulder Mountain ta Revelstoke, ranar 13 ga Maris 2010, ta rufto kan taron mahaya, mutum biyu suka rasu. Ɗan Zariya, in ba ka yi kwas ɗin AST 1 ba, wato darasin farko na kare kai daga zaftarewar ƙanƙara, ka yi shi kafin ka sayi kowane ƙarfe, kuma ka riƙa duba hasashen zaftarewa na ƙungiyar Avalanche Canada kafin ka fita. Na'urar neman wanda ƙanƙara ta binne, sandar caka ƙanƙara da shebur a jikinka, ba a kan mashin ba.

Yana ma da alaƙa da maganarku. Na'urar a ƙirji ko a ciki ake ɗaura ta, ƙarƙashin riga. Kan da ke dukan haƙarƙari ita yake duka. Masu sa safar hannu mai batir don sanyi kuma su sani tana rikita na'urar: santimita 20 tsakaninta da duk wani abin lantarki in tana aikawa, 50 in ana nema.

Ɗan Zariya, Calgary:
Na yi rajista, ranka ya daɗe, a Golden ɗin zan yi.

Dogo, Edmonton:
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, a bar dogo ya ɗan ƙara. Na sauke nawa da inci ɗaya bara don surutun abokai, a bishiyoyi na ji daɗinsa, a hanyar dawowa na zage su. Kowa ya zaɓi inda yake so ya sha wahala.

Baba Makanike, Kamloops:
Wannan ita ce maganar da ka fi yin gaskiya a cikinta yau. A hanya ka zauna mana, kujerar ba ado ba ce. Inda ta yi kunya ka tsaya ka lanƙwasa gwiwa, ka rage gudu.

Ɗan Zariya, ga yadda zan yi in ni ne. Ka daidaita wuyan da ke akwai, ka gyara birki da totur, ka hau haka. Kada ka sauya abu biyu rana ɗaya, don ba za ka san wanne ya yi aikin ba. In bayan nan kana so ka ɗanɗana wani tsawon, ka ari wuya a wajen abokai kafin ka saya, masu Summit da yawa suna da na 120 ko na 165 a jefe a gareji.

Ko sama ka yi ko ƙasa, akwai abin da ba a wasa da shi. Wayar totur, tiyon birki da wayoyin wuta an yanka su ne daidai tsawon kamfani. In ka ƙara, za su ɗame. Wayar totur da ta ɗame tana iya jan mai da kanta in ka juya kan har ƙarshe, kuma juyawa har ƙarshe ita ce aikinka a kwiɓin dutse. In ka rage, sai su yi sako-sako, su naɗe ko su goga a jikin wani abu. Bayan kowane gyara, ka ɗaga bayan mashin bel ya bar ƙasa, ka sa birkin tsayawa, igiyar kashe inji a maƙale a jikinka, kowa ya kauce daga gaba da baya. Ka tayar, ka bar shi yana sulo, ka juya kan dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, kana saurare. In muryar injin ta ɗaga ko kaɗan, kashe shi, kada ka fita da shi.

Na-Damagaram, Saguenay:
Baba, in an rage tsawo, rarar tiyon birkin a ina ake tura ta? Abokina mai RMK ɗin zai sauka daga inci shida zuwa biyar, yana tsoron kada ta karye a gindin sanda.

Baba Makanike, Kamloops:
Inci ɗaya ba zai dame shi ba. Ya bar ta ta yi baka mai faɗi a gaban sandar, kada ta yi kwana mai kaifi, kada kuma ya ɗaure ta da abin da ba ya juyawa tare da kan. Ya cire murfin gefe ya leƙa yayin da wani ke juya masa, ya tabbata ba ta taɓa salansa ko kulocin ba. Ka ce ya turo hoto daga sama da daga gefe kafin ya mayar da murfin.